Jan Biron Barume

Shekara talatin da ɗaya Barume ya yi yana koyar da harshen da babu mai gaisawa da shi a duniya. Latin ake ce wa harshen, na Rumawan da ne, mutanen da suka mutu suka bar rubutu tuli. Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa Barume. Sunan ya bi shi har gida, har matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Yadda ya faɗa cikin harkar ma abin dariya ne. Yana aji biyu na sakandare aka kore shi daga darasin lissafi, don ya ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne, kuma ya tsaya yana gardama. Malamin ya ce ya tafi laburare ya zauna har hankali ya zo masa. Hankali dai bai zo ba, amma idonsa ya faɗa kan wani tsohon littafi da aka tokare ƙafar kabad da shi. Ya sunkuya ya zare, kabad ya kife masa a ka. Har yau tabon na nan a goshinsa. Littafin koyon Latin ne, kuma matarsa takan ce tun daga ranar kan bai koma daidai ba.

Gajeren mutum ne mai kaurin tabarau, kullum da jan biro a aljihun gaba, babu rigarsa guda da ba ta da jan tabo a ƙirji. Ajinsa na can ƙarshen baranda, kusa da ɗakin ajiye tsintsiya, fankar ciki fukafuki biyu gare ta. Da ya fara aiki ɗalibai arba'in yake samu. Aka yi ta raguwa ana raguwa, har suka koma bakwai, biyu daga ciki ma inuwa suke zuwa sha.

Abu biyu aka san shi da su. Na ɗaya, ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Katin ɗaurin aure in ya shigo hannunsa, da gyara yake komawa. Wasiƙar da matarsa ta rubuta masa suna neman aure, mai tsuma zuciya, mayar mata ya yi da jan biro, a ƙasa ya sa bakwai bisa goma. Ta ce ta aure shi ne don ta ga iyakar abin, kuma har yanzu ba ta gani ba. Na biyu, bai taɓa ƙara wa kowa maki ɗaya ko ya rage ba. Ɗansa na fari ya samu talatin da tara a hannunsa, alhali arba'in ne ci, haka ya kayar da shi. Uwar yaron ta yi mako guda tana ajiye masa abinci ba ko sannu.

To, matar nan tana da wa, kuma a makarantar yake koyar da lissafi. Dogo ne siriri, ɗalibai na ce masa Malam Sifiri, saboda yadda yake zana sifiri a takardar yaro, a hankali, kamar mai yi wa kansa kwalliya. Dokarsa ɗaya ce, duk wanda ya ratsa ajinsa ya haddace ta: "Nuna aikinka." Ko amsarka daidai ce, in bai ga hanyar da ka bi ba, sifiri ne. Kuma ba a gogewa. In ka yi kuskure ka ja masa layi ɗaya, ka bar shi a gani.

Allah da ikonsa, teburi ɗaya aka ba su a ɗakin malamai, tun suna da baƙin gashi. Da an kaɗa ƙararrawar tara, Sifiri zai buɗe fulas ɗin shayi, ya zuba kofi biyu, ya tura wa surukinsa ɗaya, sannan a ɗora daga inda aka tsaya jiya.

"Ƙanina, abin nan da kake koyarwa ai aku ma zai iya. Hadda ce kawai. Lissafi shi ke son ƙwaƙwalwa, ko ka sani ko ba ka sani ba, babu wurin ɓuya."

"Yaya, da girmanka, kai lambar da ta ɓata kake nema, kuma tana nan a bayan littafi. Ni mutum ne ya yi magana shekara dubu biyu da suka wuce, ba halin in ce masa me kake nufi. Sai na riƙe jimlarsa duka a ka har ya kai ƙarshe kafin in gane ko yabo yake ko zagi."

"Bakwai sau takwas nawa?"

"Ba wannan ake magana ba."

Sauran malamai sun daɗe da daina sa musu baki. In sabon malami ya zo yana neman raba su, sai a ja shi gefe a ce ya bar su, haka suke shan shayinsu.

Ana nan aka kawo sabuwar shugabar makaranta, mace mai saurin tafiya, wadda ba ta son ɓata lokaci. Ta zauna ta duba jadawali, ta ga awa huɗu a mako ana ba ɗalibai bakwai harshen matattu, ga ajujuwan lissafi a cushe. A taron malamai ta ce tana ganin a rufe Latin a ba lissafi awoyin, amma tana son jin ta bakin shugaban kwamitin jadawali. Shugaban kwamitin kuwa ba kowa ba ne illa Sifiri.

Baki shi ke yanka wuya. Sifiri bai yi nufin sharri ba, wallahi, ya dai ga fili ne gaban jama'a. Ya gyara zama ya ce, "Ranki ya daɗe, ni da za a ba ni littafin Latin ɗin nan zango ɗaya, ba malami ba komai, sai in ci jarrabawar 'yan shekarar farko ina barci."

Barume ya miƙe tsaye. "A ba shi! In ya ci a rufe ajin, na yarda. In ya faɗi kuma a ƙyale mini ajina."

Shugaba ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a rubuta. Aka rubuta, suka sa hannu. Da aka zo kan wa zai yi makin, sai aka ga duk garin babu mai iya karanta takardar sai Barume. Sifiri ya ce ya amince, mutumin da ya kayar da ɗan cikinsa saboda maki ɗaya ba zai cuci suruki ba.

Sai da Barume ya kama hanyar gida abin ya sauka masa. Ajinsa, da yaransa bakwai, da aikin da ya ba rayuwarsa duka, ya ɗora su a kan faɗuwar mutum ɗaya. Matarsa tela ce, tana kan keken ɗinki ya ba ta labari. Ta ɗauke ƙafa daga kan keken.

"Malam, na san ka, na san Yayana. Shi kaɗai da littafi ba zai kai ko'ina ba, don ba ya iya tambaya. Kai ne abin tsoro. Miƙo biron nan."

Ta zare jan biron daga aljihunsa, ta jefa cikin gwangwanin maɓallai, ta rufe. "Wata uku ka kama bakinka. Ko ya karanta a kife, ba ruwanka."

Mako na farko ya wuce lafiya. Sifiri ya zo da tsohon littafin, ya buɗe a kan teburinsu, yana ta zana jadawalin kalmomi da rula. Barume ya juya kujerarsa yana kallon bango. A mako na biyu Sifiri ya fara karantawa a fili. Kai jama'a! Duk kalmar da ya kama sai ya karya mata wuya. Barume ya toshe kunne da auduga. Ya cire audugar don ya ji ko an daina, ya mayar. Ya fita baranda ya zaga, ya dawo ya tarar ana nan ana kisan.

Ranar Laraba ta mako na uku, Sifiri ya tashi zuwa aji ya bar littafin aikinsa a buɗe. Barume ya ce ba zai duba ba. Ya duba da gefen ido. Kuskure biyar a layi uku. Ya laluba aljihu, babu biro. Da Sifiri ya dawo, sai ya tarar an yi masa gyara da jan alli, surukinsa kuma yana kallon silin yana fito, yatsunsa jajawur.

"Wa ya taɓa mini littafi?"

"Ban sani ba, Yaya. Amma ko waye, ya yi gaskiya."

Daga nan bango ya tsage. Da farko gyara ne kawai. Sai bayani, don Barume ya ce gyara ba bayani zalunci ne. Sai aikin gida. Kafin a shiga wata na biyu, kowace tara shayi na hucewa a kofi, su biyu sun haɗa kai a kan littafi, Barume na buga teburi yana cewa, "Sake! Mutum da girmanka, jiya-jiyan nan na gaya maka!" Sifiri kuwa, wanda ya shekara talatin yana sa yara kuka, sai ya ce, "Yi haƙuri, ƙanina, bari in sake."

Kuma kada ku ce abin ya zo masa da sauƙi. Mutumin ya rame. Wandonsa sai da ƙanwarsa ta rage masa ƙugu, a nan ne ma ta tsinci takarda a aljihu da rubutun mijinta. Ranar Barume ya sha magana tun daga ƙofar gida.

"Kai wane irin mutum ne, Barume? Ana haƙa maka rami kana miƙa shebur!"

"Uwar yara, ba koya masa nake ba. Hana shi ɓarna nake."

"Allah ya shirye ka."

Akwai darasi na goma sha tara a littafin. Ɗan gajeren rubutu ne irin na kan kabari, wani mutum yana yi wa matarsa. Sifiri ya bi shi kalma kalma, yana fassarawa a fili, Barume na jiran kuskure. Mutumin ya ce sun zauna tare shekara ashirin da biyu, da wata biyar, da kwana goma sha ɗaya. Sifiri ya tsaya a nan. Shi ma matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma ba ya zancenta da kowa. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga.

"Wannan mutumin ya iya lissafi," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Ni tawa ashirin da shida, da wata biyu, da kwana huɗu."

Barume ya nemi abin gyarawa ya rasa. Tausayin surukinsa ya kama shi, sai ya tashi ya zubar da shayin da ya huce ya zubo masa wani.

Ranar Juma'ar ƙarshen zango aka yi jarrabawa, da safe, a ofishin Shugaba, ita da kanta ta tsare shi. Awa biyu Sifiri yana rubutu. Ya haɗa takardun ya maƙale da fil, ya miƙa, ya fita ko kallon Barume bai yi ba.

Bayan la'asar Barume ya zauna a barandar gidansa. Matarsa ta buɗe gwangwanin maɓallai ta ba shi bironsa, ta ja kujera ta zauna kusa. Ya fara maki. Daidai, kuskure, kuskure, daidai, kuskure. Ya tara, ta karɓa ta sake tara masa, don ta san shi da lamba. Talatin da tara.

"Alhamdu lillahi! Ya faɗi! Malam, ajinka ya tsira!"

Barume bai yi dariya ba. Shekara talatin da ɗaya yana zaune da kurakurai, ya san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya san kuskuren rago, ya san na matsoraci, ya san na wanda ya leƙa takardar maƙwabci. Waɗannan ba su yi kama da ko ɗaya ba. Tsaf-tsaf suke, kowanne an ajiye shi a wurinsa. Ya ɗaga takardar amsa, sai ga wasu shafuka huɗu a baya.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Bawan Allahn nan ya yi niyyar faɗuwa don ya ceci ajin, amma ya nuna aikinsa. Kowace tambaya sai da ya fitar da amsarta ta gaskiya a shafin aiki, don ya tabbata ya kauce mata, sannan ya ja mata layi ɗaya da rula. A shafin ƙarshe har da jadawali: tambayoyin da zai ci a hagu, waɗanda zai zubar a dama, jimla talatin da tara, an ja mata layi biyu. Sifiri dai ba zai iya jure ganin sifiri a takardarsa ba, sai ya auna faɗuwar da maki ɗaya tak.

Matar ta karanta, ta dafe kai, sannan ta fizge shafukan huɗu ta tura su ƙarƙashin tulin yadi. "Ba ka ga komai ba. Abin da ya rubuta a takardar amsa shi ne amsa. Ba ƙarya za ka yi ba, talatin da tara ya samu. Ranar Litinin kalma uku za ka faɗa ka zauna. Maimaita in ji."

"Talatin da tara."

"Madalla."

Ranar Asabar ta tafi kai ɗinki. Da ta dawo yadin na nan yadda ta bar shi, ba ta ɗaga ta duba ba.

Litinin ɗakin malamai ya cika, har masu gadi sun leƙo ta taga. Shugaba ta ce, "Malam, muna jinka." Barume ya miƙe da takarda a hannu. Sifiri ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin fulas, yana ta ƙoƙarin yin fuskar wanda ya sha kaye.

"A takardar amsa," in ji Barume, "talatin da tara."

Ɗaki ya ɗauki sowa. Da ya zauna a nan, da an gama. Sai malamin motsa jiki, wani mai faɗin kafaɗa da ba a tambaye shi ba, ya yi dariya ya ce, "Ashe kan Malam Sifiri ma kwakwa ce! Wata uku yana fama, abin da 'yan yara ke ci ya gagare shi. Tsufa ya zo, ƙwaƙwalwa ta daskare."

Barume ya juya a hankali. Tabon goshinsa ya yi ja. Sifiri ya kai masa shuri ta ƙarƙashin teburi, ya sami ƙafar kujera.

"Wa ka ce wa kwakwa? Ɗalibina?" Ya cusa hannu cikin riga ya zaro shafukan nan huɗu, jajawur da maki. "Casa'in da huɗu! Ga shi nan, kowa ya zo ya gani! Tun da na fara koyarwa babu wanda ya taɓa haura casa'in a hannuna. Da gangan ya zubar, ga lissafin zubarwar ma ya rubuta!"

"Ƙanina, zauna!"

"Ba zan zauna ba, Yaya!"

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau suna ba da labari. Sifiri ya miƙe yana rantsuwa cewa bai taɓa haɗuwa da abu mai wuyar Latin ba, lissafi wasan yara ne a kansa, a dubi yadda wandonsa ke zamewa. Barume kuma yana ihu cewa ƙwaƙwalwar mai lissafi daban ce, abin da ke ɗaukar yaro shekara shi a wata uku ya shanye. Kowa ya ɗauki maganar ɗan'uwansa ta shekara talatin yana dukan ɗan'uwan da ita.

Shugaba ta bari suka gaji. Ta karɓi shafukan ta duba, ta ɗauko takardar da suka sa wa hannu ta ajiye a gefe. Ita ma ba ta ji daɗi ba, an gani a fuskarta.

"Malam, kai ne mai maki. Wanne zan rubuta?"

Barume ya dubi takardun biyu. Ya san abin da yake yi, ba ruɗewa ba ce yanzu.

"Casa'in da huɗu, ranki ya daɗe."

Yaran bakwai suka ƙarasa shekararsu, aka rufe ajin. Ɗakin ya koma wurin ajiye karyayyun kujeru. Barume saura shekara biyu ya yi ritaya, sai aka mayar da shi kula da laburare. Ranar da ya kwaso littattafansa a kwali ya kawo gida, matarsa ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta dai tambaye shi, a hankali, me ya sa.

Ya zauna a bakin gado, kwalin na kan cinyarsa. Ya ce, "Uwar yara, shekara talatin da ɗaya ina jiran ɗalibi ɗaya irin wannan. Ya zo. Sai in ce ya faɗi?"

Ta karɓi kwalin ta share masa wuri a saman kabad ɗinta, inda take ajiye yadin mutane masu tsada.

Sabon zango, ranar farko, aka kaɗa ƙararrawar tara. Barume na zaune shi kaɗai a laburare, babu ko yaro ɗaya, yana jin hayaniyar ɗakin malamai daga nesa, zuciyarsa ba daɗi. Sai ƙofa ta buɗe. Sifiri ne, fulas a hannu ɗaya, littafin shekara ta biyu a hammata. Ya ja kujera, ya zuba kofi biyu, ya tura ɗaya.

"Maki shida ka rage mini, ƙanina. Ban yarda ba. Nuna aikinka."

Barume ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa ya goge. Sannan ya zaro jan bironsa, ya ce, "Buɗe shafi na uku, Yaya. Abin kunya ka yi a wurin."